Tambaya da Amsa: Gina ramukan yaƙi bisa teburin wasan tarihi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru kan abu guda, wato wasan nan da ake jera ƙananan sojoji na roba ko na dalma bisa tebur mai siffar filin daga, a riƙa matsar da su da ma'auni bisa ƙa'idojin da aka yarda da su, domin a sake bin sawun wani yaƙi da ya auku a tarihi. Na zaɓi biyar daga cikinsu, kuma ta farko ita ce za ta ci mafi yawan wuri, domin amsarta ce tushen sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. Ni da ɗalibaina mun samu kwali biyu na ƙananan sojojin roba masu ma'aunin 1/72, wato an rage girman mutum sau 72, kuma muna so mu gina filin daga na Yaƙin Duniya na Farko, musamman farmakin tudun Chemin des Dames da ke Faransa na 1917 wanda sojojin Afirka suka shiga. Teburinmu shimfiɗaɗɗen katako ne, ba ya haƙuwa. Ta ina za mu fara, kuma wane zurfi da faɗi za mu ba ramukan?
Daga wani malami, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka cire tunanin haƙa daga zuciyarka, domin bisa tebur ba a haƙa rami, ƙasar da ke kewaye da shi ake ɗagawa. Hanyoyi biyu ne. Ko dai ka shimfiɗa wa teburin duka wani abu mai kauri ka yanke ramukan a cikinsa, ko kuma ka gina guntayen ramuka masu gangare a kowane gefe, ka riƙa ɗora su bisa shimfiɗaɗɗen tebur duk inda kake so. Ta biyu ta fi sauƙi da araha, kuma tana da madogara a tarihi, domin a yankin Flandre na Beljiyam ruwa yana kusa da saman ƙasa ƙwarai, da an ɗan haƙa sai ya tsatso, saboda haka a wurare da yawa sojoji tara ƙasa da buhunan yashi suka yi sama maimakon su nutsa ƙasa. Amma kai tudun Chemin des Dames ka zaɓa, kuma can ramuka ne na ainihi a jikin tudu, don haka hanya ta farko nake ba ka shawara.

Teburin da aka saba wasa a kansa yana da tsawon santimita 180 da faɗin 120. Kada ka gina shi falle ɗaya, domin ba zai fita ta ƙofar aji ba, kuma yaƙi ɗaya tak zai iya ɗauka. Ka sa kafinta ya yanka maka alluna na filawud, kowanne santimita 30 tsawo da faɗi, guda 24 ke nan su cika teburin. A kan kowane allo za ka manna farin soson nan mai tauri da ake cusawa cikin kwalin firij da talabijin, har kaurinsa ya kai santimita 5. Idan sirara ka samu, ka haɗa biyu ko uku, kuma hakan ma ya fi, domin sai ka bar na ƙasa lafiyayye ya zama gindin rami, ka yanke na sama kaɗai da sabuwar reza. Sharaɗi guda ne ba a saɓa masa: duk ramin da ya kai bakin allo, to, a tsakiya daidai zai fita, wato santimita 15 daga kowace kusurwa, da faɗi da zurfi iri ɗaya. Ka yanki ma'auni na kwali guda ɗaya ka rataye a bango, kowane ɗalibi ya gwada aikinsa da shi. In an kiyaye wannan, kowane allo zai haɗu da kowane, ka juya su yadda ka ga dama.

Sai batun awo, kuma nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, saboda suna son su bi lissafi sak. Ramin gaba a wancan yaƙi yakan kai zurfin mita 2 ko fiye kaɗan, ƙasansa kuwa sau da yawa bai kai mita ɗaya ba. In ka raba da 72, zurfi zai ba ka kusan santimita 2.8, faɗi kuma bai wuce 1.4 ba. To, sojanka yana tsaye ne bisa gindi mai faɗin kusan santimita 2, kuma yatsun ɗalibi biyu za su shiga su ɗauko shi. Ramin da aka yi bisa lissafi zai yi kyau a ido, amma ba soja ko ɗaya da zai tsaya cikinsa. Saboda haka daga gindin sojan ake fara awo. Abin da nake yi shi ne in ɗauki ƙarfen dala ashirin, wanda faɗinsa milimita 26 ne, in tura shi da yatsa daga farkon ramin har ƙarshe. Duk inda ya maƙale, ko a kan kwana ne, sai na ƙara yankewa. Wannan zai ba ka ƙasan rami na kusan santimita 3 kafin a manna katakai a bango, wanda zai cinye kaɗan. Zurfi kuwa santimita 2 zuwa 2.5 ya isa, yadda hular soja za ta ɗan leƙo, mai wasa ya san inda mutanensa suke ba tare da ya sunkuya ba.

Haka kuma filin da ke tsakanin rundunonin biyu. A wasu wurare bai fi ƴan mitoci goma-goma ba, a wasu ya kai ɗaruruwa. Mita 200 a ma'auninka ta kusa mita 3, ta fi tsawon teburin. Dole ka matse shi zuwa santimita 40 ko 60, kuma ka faɗa wa ɗalibai a fili cewa an matse, domin kada su tashi da zaton cewa taku kaɗan ne tsakanin ɓangarorin biyu.

Kada ka yarda ramin ya miƙe kamar titi. Daga ƙarshen 1914, bayan da aka tsayar da Jamusawa a kogin Marne, layin ramuka ya tashi daga bakin Tekun Arewa har iyakar Suwizalan, kusan kilomita 700, kuma in ka duba hotunan da jiragen sama suka ɗauka za ka ga ko'ina kwana-kwana ne, kamar haƙoran zarto ko kan ganuwa. Dalili biyu ne: idan harsashin igwa ya faɗa ciki, kwanar za ta tare ɓarɓashinsa ya tsaya a ɗaki guda, idan kuma abokin gaba ya shigo, ba zai samu ya harbe dukan layin daga wuri ɗaya ba. A kan allonka, kowane miƙaƙƙen yanki ya ɗauki soja uku ko huɗu sannan ya karya. Ka tara ɗan tudu a bakin gaba da wani a bakin baya, ka manna siririn dakali a jikin bangon da ke fuskantar abokin gaba, wanda soja ke hawa in zai yi harbi. Dakalin nan shi ke nuna wa mai kallo inda ramin ya dosa. Bayan layin gaba a kan samu na biyu da na uku, da siraran lunguna masu haɗa su. A teburinka layi biyu na Jamusawa da ɗaya na Faransawa sun wadatar.

Abin da na fi so ka ba ƙarfi shi ne tudun kansa. Chemin des Dames doguwar kunya ce ta dutsen farar ƙasa tsakanin kogunan Aisne da Ailette, kuma cikinta akwai tsofaffin koguna da aka sassaƙa wajen fasa dutsen gini, waɗanda Jamusawa suka fake ciki har ruwan igwa ya wuce, sannan suka fito da bindigoginsu masu sarrafa kansu. Da safiyar 16 ga Afrilu 1917, cikin sanyi da ruwa da ƙanƙara, aka tura rundunonin Faransa ƙarƙashin Janar Nivelle su hau wannan gangare, cikinsu har da bataliyoyin da ake kira ƴan Senegal, alhali an kwaso su ne daga ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. An yi musu mummunar ɓarna, kuma sanyi ya lalata ƙafafun da yawa daga cikinsu. In teburinka ya zama shimfiɗaɗɗe, ɗalibi ba zai taɓa gane dalilin ba. Ka ƙara soso hawa biyu ko uku a ɓangaren Jamusawa, ka buɗe bakin kogo ɗaya ko biyu a bayan layinsu na farko, ka bar ƙasar da aka tono ta yi fari-fari a bakin ramuka. Yaron da ya tura sojansa ya hau wannan gangare da hannunsa zai riƙe darasin fiye da wanda aka yi wa shifta. Kuma ina roƙon a yi wasan da natsuwa, a tuna cewa ƴaƴan mutane ne ake kwaikwaya.

Tambaya: Na yanka soso na yi ramuka, na fesa masa fentin gwangwani, sai na ga yana narkewa yana zama ramuka-ramuka. Yashin da na barbaɗa ma zubewa yake yi. Me na yi ba daidai ba?
Daga wani matashi, unguwar Zango.

Amsa: Ƙanena, abin da ya same ka ya same ni shekarun baya, na yi asarar alluna shida da na kwana uku ina yankawa, kuma har yau ina jin zafin abin. Fentin feshi da gam mai warin fetur da man ƙyalli na kafinta duk suna ɗauke da sinadarin da ke cinye wannan soso. Ai ka ga masu narka shi cikin fetur su liƙe yoyon kwanon rufi. Maganin shi ne ka rufe soson ruf kafin wani fenti ya taɓa shi. Ka samu farin gam na kafinta, ka sirka shi da ruwa kaɗan, ka zuba yashi mai laushi da garin katako har ya yi kaurin kunu, ka shafe ko'ina da shi, har cikin kusurwoyi. In ya bushe sai ka ƙara shafa tsinkakken gam a sama. Shafawa ta biyun nan ce ka tsallake, shi ya sa yashinka ke zuba.

Yashin kuma a tankaɗe shi da rariya, a wanke, a shanya, domin ƙurar da ke jikinsa tana hana gam kamawa, tsakuwa kuwa a wannan ma'auni dutse ce babba. Fenti, na ruwa za ka nema, irin na bango. Ka fara da launin ƙasa mai duhu sosai, ka bari ya shiga kowane lungu, bayan ya bushe ka ɗibi mai haske da buroshi, ka goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ka riƙa shafa saman a hankali, tudu ya ɗauka kwari ya zauna da duhunsa. A inuwa ake shanya, kuma a shafa wa bayan allon gam shi ma, in ba haka ba gefe ɗaya zai ja ya lanƙwashe. Kada ka yanka soso da wuƙa mai zafi a cikin ɗaki, hayaƙinsa yana cutarwa.

Tambaya: Buhunan yashi da waya mai ƙaya da katakan da ke cikin rami, mun ga ana sayar da su shiryayyu a intanet, amma kuɗin kawowa ya fi ƙarfinmu. Akwai dabara?
Daga wasu abokai uku, Sabon Gari.

Amsa: Samari, duk abin da kuka lissafa akwai shi tsakanin gidajenku da kasuwar Dole, kuma wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya riga ya iya rabin aikin. Buhun yashi cikakke tsawonsa kusan santimita 50 ne, faɗinsa 25, wato milimita 7 da 3.5 a ma'aunin 1/72. Ku kwaɓa yumɓu mai laushi da ɗan farin gam don kada ya tsage, ku murza shi kamar taliya, ku ɗan danne, ku yayyanka da bayan wuƙa yadda bakin zai tsuke, sannan ku danna tsohon ƙyalle a kai ya bar shaidar saƙa. Tun yana ɗanye ake jera shi a bakin rami, sahu bisa sahu, kowane buhu ya hau mahaɗar biyun da ke ƙasansa kamar ginin bulo, a ɗan danna su su zauna cikin juna. Buhunan da aka bari suka bushe kafin a jera ba sa taɓa yin kama da masu nauyi.

Waya mai ƙaya, ku feɗe tsohuwar wayar lantarki ku zaro siraran jan ƙarfen ciki, ku ɗaura biyu a ƙusa ku murɗa, ku naɗe a jikin biro, ku zare. Ba sai kun yi mata ƙaya ba, murɗin kansa ya isa ido. A kafa ta bisa tsinken ashana a kan guntayen kwali daban, kada a manne ta da allo, domin a iya ɗauke yanki idan igwa ta fasa shi cikin wasa. Kwanon rufi kuwa, ku jiƙa fuskar siririn kwali ku ɓare takardar sama, kunyoyin da ke ciki za su bayyana, ku yi musu launin tsatsa. Tsinken ashana da aka jera bisa dogaye biyu kamar tsani shi ne shimfiɗar da sojoji ke takawa don guje wa taɓo.

Akwai abin da nake so ku lura da shi. Faransawa sun yi amfani ƙwarai da saƙar rassan itace wajen tare bangon rami, abin da duk wanda ya ga darni ko zana zai gane nan take. Ku kafa tsinkaye a jere, ku jiƙa tsinken tsintsiya ya yi laushi, ku saƙa shi ciki da waje. Aiki ne mai cin lokaci, amma babu abin da ke fito da ramin Faransawa kamarsa. Na Ingilishi a yawaita buhu da kwano, na Jamusawa a yawaita katako mai tsari da ƙofofin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, domin su sun zauna ne da niyyar daɗewa, kuma a yankin kogin Somme na Faransa wasu ɗakunansu sun nutsa kusan mita 10.

Tambaya: Ranka ya daɗe, me ya sa kullum yaƙin Turai? Ba za a iya yin na ƙasarmu ba, kamar Tirmini ko ganuwar Damagaram?
Daga wani dattijo, Mirriya.

Amsa: Baba, Allah ya ja kwana, za a iya, kuma ya kamata a yi, sai dai a bambanta rami da rami. Gwalalon da kakanninmu suka sani ana haƙa shi ne a wajen ganuwa don ya tare doki da mai hawa, ba wanda ke zama cikinsa. Ramin 1914 kuwa mazauni ne, mutum ke shiga ya ɓuya daga harsashi. Wanda ya kwafo ramukan Verdun ta Faransa ya dasa su a Tirmini, kusa da Damagaram, ya ɓata tarihi, domin karon da aka yi can a watan Yuli 1899, tsakanin rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga da sojojin Faransa, a fili aka yi shi, dawakai suna fuskantar bindigogi. Teburinsa yana bukatar rairayi da ƙayoyi da gonaki.

In ganuwa ake so, ga ta Sarki Tanimu da sauranta ke tsaye a Birni, ga kuma manyan duwatsun da Allah ya jibge a cikin garin, waɗanda ake iya sassaƙawa da soso a goge da sanfefa su yi sumul. A je a duba da ido yadda gindin bangon ya yi kauri yana tsukewa sama, a shafa masa jar ƙasar wurin da aka tankaɗe aka kwaɓa da gam. Mai son gwalalo da ƙaya a gaban ganuwa ya ɗauki Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da sojojin Ingila suka shiga ta Ƙofar Kabuga. Shi gwalalo a yi masa ƙasa mai tsini da bango mai gangare, tunda ba a tsayar da soja ciki, ba ya bukatar gwajin dala ashirin.

Ramukan zamani ma sun zo kusa da mu. A arewacin Kamaru Jamusawa sun kewaye Garwa da ramuka da tudun ƙasa da waya, suka kori farmakin farko na sojojin Ingila a Agusta 1914, garin bai faɗi ba sai a Yuni 1915. A dutsen Mora kuma suka yi ta riƙewa a bayan katangun duwatsu har Fabrairu 1916, kuma Hausawa da dama suna cikin rundunar Ingila da ta zo daga Najeriya ta yaƙe su. Akwai kuma ƙawanyar da Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916, har rundunar da ta taso daga Damagaram ta isa a farkon Maris 1917. A irin waɗannan tebura a manta da taɓo da ruwa kwance, a yi ramuka marasa zurfi, ƙasa ja ko fara, da jerin duwatsu a bakinsu.

Tambaya: Ɗana yana son wasan, amma mahaifinsa ba ya son mutum-mutumi a gida. Sannan ina tsoron gara ta cinye aikin.
Daga wata uwa, Garin Malam.

Amsa: Hajiya, hukuncin mutum-mutumi na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan iya faɗa shi ne wasan ba ya dogara da su. Lokacin da hafsan Furusiya, tsohuwar daula a ƙasar Jamus, mai suna von Reisswitz, ya gabatar da nasa tsarin ga rundunar ƙasarsa a 1824, ƴan guntaye ne masu kusurwa huɗu, ja da shuɗi, ake matsarwa bisa taswira. Kafinta zai iya yanka wa yaron guntayen katako na santimita 2, a yi musu launi biyu da lamba, su shiga ramukan daidai.

Game da gara, kada a haɗa aikin da ƙullu ko koko ko wani abu na gari, ko da an ce yana kamawa, domin kiran gara da kyankyaso da ɓera ne. Ƙaro ma yana tsagewa da rani ya yi danƙo da damina. Kara da tsinke a shafe su da farin gam ta kowane gefe kafin a manna. A ajiye allunan bisa kanta nesa da bango da ƙasa, a sa ƴan katakai a kusurwoyi don kada na sama ya danne buhunan na ƙasa, a lulluɓe da tsohon zane saboda ƙurar hunturu. A watan Afrilu da Mayu kada a bar su dab da kwanon rufi ko cikin mota, zafi yana sassauta gam ya lanƙwasa allo. Duk wata a sauke su a duba bayansu, in an ga siririn layin ƙasa a jikin katako, a ware wannan allon daga sauran nan take.